Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Maraɗi zuwa ga Hukumar Kula da Jiragen Sama ta Ƙasa kan sakacin matuƙa a lokacin tashi

Zuwa ga mai girma Babban Daraktan hukumar ANAC a Yamai, da kuma matuƙan jiragen da ke sauka a filayenmu na jahohi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan wasiƙa ne daga Maraɗi a cikin kwanakin hunturu, lokacin da hazo ke kwana ya kuma wuni a kan gari, rana ta fito jajir kamar faifai har mutum ya iya kallonta ido da ido, wanda ya tsaya a bakin babbar kasuwa kuma ba ya hango ƙarshen titin da ke gabansa. Na yi shekaru ina aiki a filayen jirgi, a ɓangaren da ke haɗa wa matuƙa takardun tashi, wato bayanin yanayi da lissafin nauyi da na mai da kuma hanyar da za a bi, kafin in ajiye aiki in dawo gida. Aikina a ƙasa yake, amma matuƙa da yawa sun sa hannu a takarda a gabana, kuma daga yadda mutum ke karɓar takardar nakan gane ko zai karanta ta ko kuwa ya riga ya yanke wa kansa cewa ya san abin da ke ciki. Wannan hali na biyu shi ne dalilin wasiƙata, domin na yi imani cewa galibin kurakuran hanya da ke bayyana a sama bayan jirgi ya shiga hazo ko duhu, tun a ƙasa ake aikata su, a cikin ƴan mintunan da ke tsakanin rufe ƙofa da hawa titin tashi.

Ku kun san wannan fanni fiye da ni, amma tun da wasiƙar a buɗe take, bari in yi wa sauran masu karatu ɗan bayani. Idan matuƙi zai tashi a yanayin da ido ba ya amfani, da dare ko cikin gajimare ko hazo, da agogunan da ke gabansa yake tuƙi, kuma akwai tsararriyar hanyar fita da aka zana wa filin, wadda matuƙa ke kira SID, da ke faɗa masa inda zai fuskanta, da tsayin da zai kai kafin ya juya, da ɓangaren da zai juya. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya mai mazauni a Montreal ta gina irin wannan hanya a kan cewa jirgi zai riƙa hawa da aƙalla kashi 3.3 cikin ɗari, wato ƙafa 200 a kowane mil na teku, kuma ba zai fara juyawa ba sai ya kai mita 120 sama da filin. Duk kariyar da aka yi wa jirgin daga dogayen ƙarafan sadarwa da tuddai da sauran jirage tana cikin wannan zane ne. Wanda ya fita daga cikinsa, da saninsa ko ba da saninsa ba, ya fita daga inuwar lissafin da aka yi dominsa.

Abin da ya sa lamarin ya fi yadda ake zato haɗari shi ne jikin ɗan Adam kansa yana yi masa ƙarya a cikin duhu. Ruwan da ke cikin kunne, wanda ke gaya mana ko a miƙe muke ko a karkace, ba ya jin karkatar da ta zo a hankali, saboda haka jirgi na iya kwantawa ɓangare guda sannu a hankali alhali matuƙi yana ji a jikinsa cewa daidai yake tafiya. Haka kuma idan jirgi ya ƙara gudu da ƙarfi, jiki yakan ɗauka hancinsa ne ya ɗaga sama, sai hannu ya so ya danna shi ƙasa. Shekarun aiki ba sa warkar da wannan, domin halitta ce. Maganinsa kawai shi ne ido ya zauna a kan agogon da ke nuna karkatar jirgi, mutum ya gaskata agogon ya ƙaryata jikinsa.

A daren 5 ga Mayun 2007, jirgin Kenya Airways ƙirar Boeing 737-800 ya tashi daga Duwala ta ƙasar Kamaru zuwa Nairobi, jim kaɗan bayan sha biyun dare, bayan ya yi jiran hadari ya lafa. Binciken hukumomin Kamaru ya nuna cewa ya kama gudun tashi ba tare da ya karɓi izinin hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage ba. Jirgin yana da ɗan halin karkata dama, kwamanda yana gyara shi da hannu, har suka kai kimanin ƙafa dubu, sai ya ba da umarnin a kunna na'urar da ke tuƙi da kanta, ya saki sitiyari. Na'urar ba ta kama ba, kuma babu wanda ya duba allon ya tabbatar. Kusan minti guda jirgin yana hawa yana kwantawa dama babu mai tuƙa shi, ba mutum ba na'ura, har ƙararrawar gargaɗi ta yi kuka, kuma da kwamanda ya cafki sitiyari a ruɗe sai ya ƙara karkatar da shi ɓangaren da yake faɗawa. Mutum 114 ne a ciki, babu wanda ya tsira, a cikin fadamar da ba ta wuce ƴan kilomitoci daga filin ba. Injunan lafiyarsu ƙalau. Duwala kuwa tana cikin sararin da ASECNA, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka mai lura da zirga-zirgar jiragen sama, ke kula da shi kamar yadda Maraɗi take, da irin ƙa'idojinmu da irin horon ma'aikatanmu, don haka ba labarin wata duniya ba ne.

Akwai wani misali da nakan ba matasan ma'aikata, domin ya fi kusa da aikin takarda da na sani. A ranar 3 ga Satumban 1989 wani jirgin kamfanin Varig ya tashi daga garin Maraba a ƙasar Barazil zuwa Belem, tafiyar da ba ta cika awa guda ba. A takardar hanya an rubuta 0270, ma'ana digiri 27 da ɗigo sifili, wato arewa da ɗan karkata gabas. Kwamanda ya karanta 270, wato yamma sak, ya saita. Mataimakinsa, maimakon ya duba tasa takardar, sai ya leƙa abin da babba ya saita ya kwafa. Da yamma suka tashi, rana tana faɗuwa a gaban hancin jirgin, abin da ko manomin Gidan Rumji ya san cewa mai zuwa arewa ba ya fuskantar faɗuwar rana, amma mutum biyu masu lasisi suka ci gaba da tafiya. Bayan fiye da awa uku suna neman gari mai ya ƙare, suka sauka a tsakiyar dajin Amazon da dare, wasu fasinjoji suka rasu. Abin lura a nan shi ne hikimar zaunar da mutum biyu a gaban jirgi ita ce kowanne ya yi lissafinsa daban sannan a gwada, kuma ranar da na biyu ya koma mai kwafar na farko, albashin mutum biyu ake biya amma ido ɗaya ke aiki.

Kada a ce wannan matsalar tsofaffin jirage ce da kwamfuta ta kawar. A watan Maris na 2015 wani jirgin Airbus A330 ya tashi daga Sidni ta Ostireliya zuwa Kuala Lumpur, kwamanda ya yi kuskuren lamba wajen shigar da matsayin da jirgin yake a ƙasa, sai kwamfutar ta ɗauka tana wani wuri mai nisan kusan kilomita 11,000. Da suka tashi, jirgin ya juya hagu maimakon dama, ya ratsa hanyar fitar titin da ke kusa da nasu, a ƙarshe masu kula da sama suka jagorance shi da baki har birnin Malbon na Ostireliya. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni. A garin Lexington na Amurka kuwa, da asubahin 27 ga Agustan 2006, matuƙa biyu da ke hirar da ba ta shafi aiki ba yayin da suke gangarawa zuwa titi suka hau titi mai lamba 26, gajere marar fitila, maimakon mai lamba 22 da aka ba su, wanda ya ninka shi tsawo. Lambar titi ita ce alƙiblarsa a kamfas, 22 na nufin wajen digiri 220, saboda haka kallo ɗaya ga kamfas ya isa ya tona kuskuren. Mutum 49 cikin 50 suka rasu, alhali tun 1981 dokar ƙasarsu ta hana duk wata hira a gaban jirgi daga barin wurin ajiya har a wuce ƙafa 10,000.

Yanzu in dawo gida. Filin jirgin Maraɗi, wanda aka gyara a lokacin bikin Maraɗi Kwalliya na 2015, yana daga cikin filayen da matuƙi ke ɗauka da sauƙi, kuma wannan sauƙin ne ke ba ni tsoro. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu duwatsu irin na Ayar da za su sa mutum ya nutsu ya karanta taswira, jirage ba su da yawa, rediyo shiru, kuma wanda ya shekara yana zirga-zirga tsakanin Yamai da Maraɗi da Damagaram yakan ji kamar hanyar gonarsu ce. Hausawa na cewa sabo turken wawa. Amma da dare, da zarar jirgi ya bar fitilun titi ya fuskanci daji, babu wani haske da zai raba masa sama da ƙasa, duhun ya zama ɗaya kamar wanda ya tashi a kan teku. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi kan rufe sararin, ta yadda matuƙi na iya ganin titi sarai a ƙasa amma ya rasa gefen sama tun bai yi nisa da hawa ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, iska ta yi sako-sako, injin da fiffike su rage ƙarfi, jirgin da ya hau cikin sauƙi a watan Janairu ya riƙa jan jiki da irin nauyin nan. Da damina kuma hadari kan taso daga gabas da guguwar ƙura a gabansa, iska ta sauya fuska cikin mintuna. Ga iyakar Najeriya ta wajen Ɗan Isa ba ta da nisa, jirgin da ya juya kudu bisa kuskure ba zai yi minti goma ba ya shiga sararin da Kano ke kula da shi ba tare da an san da zuwansa ba, kuma a irin yanayin tsaron da yankinmu ke ciki, jirgin da ba a san da shi ba abin tashin hankali ne ga kowa.

Zan ba da abin da na gani da idona, ba tare da na ambaci fili ko kamfani ba. Wata safiya ce ta hazo, ƙura ta kwanta a kan gilashin motoci har yara na rubutu da yatsa a kai. Na miƙa wa wani kwamanda, dattijo mai daɗin hulɗa da kowa ke girmamawa, takardun tashi. Ya ɗora su a kan cinyarsa ya sa hannu yana tambayata lafiyar iyali, ya miƙa wa mataimakinsa, yaro sabon fitowa daga makaranta, wanda ya buɗe baki kamar zai yi magana sai ya haɗiye. A ranar an sauya musu hanyar fita saboda wani jirgi da ke tahowa, an faɗa musu ta rediyo, sun kuma maimaita daidai, amma abin da ke cikin kwamfutar jirgin hanyar jiya ce. Suna shiga hazo jirgin ya bi abin da aka ɗora masa, ya juya ɓangaren da aka hana su. Mai kula da hasumiya ne ya tambaye su alƙiblarsu, ya ji amsar, ya daka musu tsawa suka gyara. Da suka dawo da yamma kwamanda ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, “Malam, ai mun gyara, ba komai.” Yaron kuwa ya same ni a gefe ya ce tun a ƙasa ya ga kamar akwai saɓani, amma ya ji nauyin ya gyara wa wanda ya isa ya haife shi. Babu wanda ya rubuta rahoto, har da ni, kuma wannan shirun nawa yana daga cikin abin da ya sa nake rubutu yau.

Kunyar babba tarbiyya ce mai kyau da muka gada, ni ma da ita na tashi kuma da ita na rene ƴaƴana, amma a gaban jirgi tana iya kashe mutane. Roƙona na farko ga hukumarku, ranka ya daɗe, shi ne horon haɗin kai tsakanin matuƙa da ake wajabta wa kamfanoni ya daina zama darasin da aka kwaso daga littafin Turawa ana karantawa don cika sharaɗi. A gina shi a kan halinmu, a zaunar da dattijon kwamanda da ƙaramin mataimaki a na'urar gwajin tuƙi, a sa babban ya yi kuskure da gangan a hanyar fita, a ga ko ƙaramin zai yi magana, kuma a ga yadda babban zai karɓa. Kwamandan da ya harari yaro don ya gyara masa lamba ya faɗi jarrabawa, ko da ya sauke jirgin kamar a kan katifa.

Sannan masu bincikenku su riƙa zuwa filayen jahohi ba tare da sanarwa ba, su zauna a kujerar baya su saurari bitar da matuƙa ke yi wa juna kafin tashi. Bitar da ta dace tana ambaton titin da za a hau, da alƙiblar farko, da tsayin da za a juya da ɓangaren juyawa, da ma'aunin nauyin iska na QNH, wanda kuskuren maki goma a cikinsa ke sa agogon tsayi ya yi ƙaryar kusan ƙafa 280, da kuma abin da za a yi idan inji ɗaya ya mutu. Tana kuma buƙatar mutum ɗaya ya karanta hanyar daga allon kwamfuta, ɗayan yana bin taswira da yatsa, kuma duk lokacin da hasumiya ta sauya umarni a taka birki a sake yin haka daga farko. Wanda ya ce “kamar kullum” ya rufe baki bai yi bita ba. A duba har da kwanan watan bayanan hanya da ke cikin kwamfutar, tun da a duniya duk kwana 28 ake sabunta su, kuma ƙananan jiragen haya da na ƙungiyoyi da ke yawan sauka a nan su ne suka fi saurin faɗawa cikin wannan gibi. Dogaro da GPS kaɗai ma ya zama wani sabon turke, domin siginarsa na iya ɗaukewa ko a dagula shi, kuma matuƙin da ya manta yadda ake gwada shi da kamfas da tashoshin rediyo na ƙasa ba shi da abin kamawa a ranar.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne rahoto. Kuskuren da ya kai ga hatsari kowa zai ji shi, amma irin wanda na ba da labarinsa, da aka gyara cikin daƙiƙa ashirin, a cikinsa ne darasi yake tun ba a yi asarar rai ba, kuma shi ne ake binnewa saboda tsoron kora ko dakatar da lasisi. Ina roƙon hukumarku ta ba matuƙa da masu kula da hasumiya da ƙananan ma'aikata tabbaci a rubuce cewa wanda ya kai rahoton kuskurensa da kansa, matuƙar ba ganganci ya yi ba, ba za a hukunta shi ba kuma ba za a bayyana sunansa ba. A riƙa tattara waɗannan rahotanni ana fitar da su lokaci zuwa lokaci, a aika wa kamfanoni da makarantar EAMAC da ke Yamai, wadda tun 1963 take horar da masu kula da sama da masana yanayi na ƙasashen Afirka da dama, domin ɗalibanta su yi karatu da abin da ya faru a Tawa da Difa da Maraɗi, kada kullum misalinsu ya kasance na Faransa da Amurka.

Akwai kuma wani matsi da ba ya shiga takarda, wanda mu ma'aikatan ƙasa muka sha gani. Babban mutum ya iso fili da tawagarsa, ana jiransa a wani taro, hadari ya haɗu ko hazo ya yi kauri, sai a fara aiko ƴan rakiya ɗaya bayan ɗaya suna tambayar me ake jira. Matuƙin da ake tsaye a kansa haka shi ne ke tsallake layi a takardar dubawa. Mutanen wannan yanki ba su manta da 29 ga Oktoban 2006 ba, ranar da jirgin kamfanin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato cikin mummunar iska, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya jiƙansu. Binciken ya ɗora alhakin a kan shawarar tashi cikin yanayin da aka san ba shi da kyau da kuma yadda aka tunkari iskar. Ya kamata doka ta fito fili ta kare matuƙin da ya ce ba zai tashi ba, ko wane ne fasinjansa, ta kuma hana kamfani rage masa wani abu saboda jinkirin da ya yi don yanayi.

Ku kuma ƴan uwana matuƙa, manya da ƙanana, na san gajiyar da ke tattare da tashi huɗu ko biyar a yini cikin zafin nan, na kuma san cewa a tashi na ƙarshe, idan an fuskanci gida, hankali yakan riga jirgi isa. Ina roƙonku idan kuka daidaita a kan titin Maraɗi, kafin hannu ya tura maƙurar inji, ɗayanku ya furta lambar titin da baki, ɗayan ya dubi kamfas ya amsa, kuma idan an ce an kunna na'urar tuƙi, kada hannu ya bar sitiyari sai ido ya ga rubutun ya bayyana a allo.

Ranka ya daɗe, ina fatan ofishinka zai amsa wannan wasiƙa a bainar jama'a kamar yadda aka rubuta ta, musamman a kan batun kare masu kai rahoto da batun ziyarar masu bincike zuwa filayen jahohi, kafin hadarin farko na damina ya taso.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin filin jirgi,
Maraɗi.